Daga Koko Zuwa Titin Kotu: Wa Ake Gurfanarwa Kan Dagwalon Kano?

 Yau tarihin shara da dagwalo za mu taɓa, da na waɗanda hukuma ke bai wa lasisi su kwashe su ko su tace su, da abin da kan biyo baya idan suka saɓa sharaɗi. Mun san batu ne mai wari. A daure a biyo mu.

Duk wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗi ya san Titin Kotu, can kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kotuna ne suka ba titin suna, akwai ta majistare, akwai kuma Babbar Kotun Tarayya. Amma mu da muka yi ƙuruciya a wannan yanki na Tarauni, akwai abu na biyu da muka san titin da shi, wato ƙatuwar bolar da ta shafe shekaru tana cikin manyan wuraren jibge sharar birnin Kano, tare da ta Maimalari a Bompai da ta Sansanin Alhazai. Da rani hayaƙi, da damina ruwa baƙi ƙirin yana tsiyaya daga gindinta. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba a lokacin shi ne, dokar Nijeriya mafi tsanani kan shara mai guba, wadda hukuncinta ya kai ɗaurin rai da rai, Babbar Kotun Tarayya kaɗai ta bai wa hurumin sauraron ƙararta. Ke nan a Kano, kotun da bolar titi ɗaya suka haɗa.

Kafin mu zo ga wannan doka, sai mun koma baya.

Kanon da ba ta rasa ƙazanta ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo birnin a 1851, ya yaba kasuwanci da saƙa da rini da takalman fata, amma bai ɓoye ƙyamarsa ga Jakara da kududdufan cikin gari ba. Don haka kada wani marubuci ya zana mana tsohuwar Kano kamar gidan amarya. Sai dai sharar wancan zamani tana da inda za ta. Toka ce, da kashin dabbobi, da ɓawo, da tsumma, duk abubuwan da ƙasa ke iya cinyewa. Manoman karkarar da ke kewaye da birni kan shigo da itace a kan jakuna, su koma da mangala cike da takin bola. Da wannan taki gonakin gefen Kano suka daɗe ana noma su shekara bayan shekara ba hutu, abin da ya ba masu binciken ƙasa na waje mamaki. Juji dukiya ne a lokacin, har akan yi rigima a kansa.

Haka ma jima. Majemin gargajiya yakan jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya tausasa ta da kashin tantabara ko na kaji, sannan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa. In ja ake so, karan dafi na nan. Da wannan hanya aka jeme fatar jar akuyar Sakkwato da ayari ke haurawa da ita Sahara zuwa Tarabulus da sauran garuruwan Arewacin Afirka, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa hannunsu. Majema tana da ɗoyi, babu mai musu, wanda ya taɓa bi ta wajen Ƙofar Wambai shaida ne. Amma ruwan bagaruwa idan ya kwanta a ƙasa ruɓewa yake yi ya wuce.

Hukunci kan ƙazanta a matsayin aikin gwamnati mai ma'aikata da takarda, Turawa ne suka zo da shi, kuma sunan ma'aikacin ya zauna daram a bakin Hausawa: duba-gari. An buɗe Makarantar Tsafta ta Kano a farkon shekarun 1930 don horar da su. Duba-gari ya shiga gida, ya leƙa randa ko akwai 'ya'yan sauro, ya duba masai da kwata, in bai gamsu ba maigida ya tsinci kansa gaban alƙali, tara ta hau kansa. Kakanninmu mata sun sha ba mu labarin yadda ake rige-rigen juye randuna da zarar an ce ga shi nan tafe. Su kuwa Turawan, dokar garuruwa ta 1917 ta ware musu unguwa, ta ce a bar fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa don kada cuta ta tsallaka. A riƙe wannan, domin zai yi ta dawowa: tun daga tushe, idon hukuma a kan randar talaka ya fara sauka.

Sai masana'antu suka zo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatu da ƙiraga suka juya daga hanyar Sahara zuwa Ikko. Daga baya aka ga ya fi riba a jeme su a nan kafin a fitar. Bompai ce unguwar masana'antu ta farko, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya lokacin da kuɗin fetur ya shigo, Kano ta zama cibiyar jimar zamani ta Nijeriya gaba ɗaya.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, don wanda bai san abin da ke faruwa cikin majemar zamani ba, ba zai gane mene ne sharaɗin lasisi ba. Fata kan iso da gishiri don kada ta ruɓe, sai a wanke, gishirin ya bi ruwa. A zuba ta a ƙaton gangan katako mai juyawa tare da farar ƙasa da wani sinadari mai suna salfaid, wanda ke narkar da gashi. Daga nan a tsuma ta da asid, sannan a jeme ta da gishirin kromiyam. Aikin da bagaruwa ke ɗaukar kwanaki ko makonni a kansa, kromiyam kan gama shi cikin yini guda, fatar ta fito a jiƙe da launin shuɗi-shuɗi. Riba ke nan. Hasarar kuwa, daga tan guda na ɗanyar fata, abin da kan zama fatar sayarwa bai wuce kilo 200 zuwa 250 ba, kuma aikin kan ci ruwa lita dubu 30 zuwa dubu 50. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kromiyam ɗin ba ya kama fata, ruwa yake bi. Salfaid idan ya gamu da asid yakan fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda kan kashe ma'aikaci nan take idan ya shiga ramin dagwalo. Tarkacen fatar da aka jeme kuma idan aka cinna musu wuta, kromiyam ɗin cikinsu na iya rikiɗewa zuwa nau'in da likitoci suka tabbatar yana jawo ciwon daji. Kuma kromiyam ƙarfe ne. Ba ya ruɓewa, sai dai ya tashi daga ruwa ya koma laka, daga laka ya koma ƙasar gona.

Ina ruwan ke zuwa? Kano a kan tudu take, ruwanta ya rabu biyu. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, su gangara arewa maso gabas zuwa madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta, shi da na unguwar masana'antun Challawa su faɗa Kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da Kogin Kano a wajen Tamburawa, su nufi Wudil da Haɗeja. A bakin wannan kogi na Challawa aka gina matatar ruwan famfo ta farko a Kano, a farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a Tamburawa kuma akwai wata babbar matatar. Duk tsawon bakin Jakara da Getsi kuwa 'yan lambu ne, masu latas da alayyafo da kabeji da karas, kuma da rani babu wani ruwa a rafin sai wanda gari da masana'antu suka sako. Malaman kimiyya na Jami'ar Bayero da wasunsu sun yi ta ɗibar ruwan nan da laka da ganye suna aunawa shekara da shekaru, suna samun ƙarafa masu guba fiye da ƙima.

Duk tsawon shekarun da ake kafa waɗannan masana'antu, Nijeriya ba ta da wata hukuma ta tarayya mai kula da muhalli, ba ta da ma'aunin da za a ce dagwalon masana'anta kada ya wuce shi. Abin da aka samu shi ne yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin Buhari da Idiagbon, wanda aka ƙaddamar da zangonsa na biyar, na tsaftar muhalli, a watan Yulin 1985. Daga nan muka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. An share kwatoci, an rushe rumfuna da kes-kes na bakin titi, an sa mutane tsallen kwaɗo. Bututun da ke bayan katangar masana'anta bai shiga lissafi ba.

Wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a tsohuwar Jihar Bendel, wanda yanzu ke Jihar Delta, shi ya sauya lissafin. Sunansa Koko. Tsakanin 1987 da watan Mayun 1988, wani ɗan kasuwa ɗan Italiya mai suna Gianfranco Raffaelli ya shigo da lodin jirgi biyar na sharar masana'antun Turai, kimanin tan 3,800 a cikin dubban durom, da takardun da ke nuna kayan aiki ne. Aka jibge su a filin wani mutumin garin, Sunday Nana, ana biyansa hayar kimanin dala 100 a wata. Rana ta bugi durom ɗin, wasu suka kumbura, wasu suka fara yoyo. Ba jami'in kwastan ne ya gano ba, ba kuma na lafiya ba. Ɗalibai 'yan Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can, suka rubuto wa jaridun Legas, 'yan jarida suka bi sawu har Koko a watan Yunin 1988. Mu masu riƙe da alƙalami ya kamata mu san wannan: wasiƙa ce ta tona babbar badaƙalar muhalli ta farko a ƙasar nan.

Gwamnatin Babangida ta harzuƙa. Ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya mai suna Piave a tashar Legas, ta ce sai an zo an kwashe. Aka kwashe ɗin, leburorin tashar da suka yi aikin ba tare da kayan kariya na kirki ba wasu suka ƙone, wasu suka kwanta asibiti. Jirgin da ya ɗauki kaso na farko, Karin B, ya yi ta gararamba a teku, ƙasashen Turai da dama har da Ingila suka hana shi tsayawa, kafin daga bisani Italiya ta karɓi kayanta a tashar Livorno. Shi kuwa Raffaelli tuni ya sulale ya bar ƙasar. Sunday Nana ya rasu a 1990.

Ko an so a hukunta masu hannu a lamarin, babu dokar da ta ambaci laifin da sunansa. Saboda haka kafin shekarar ta ƙare aka yi dokar soja mai lamba 42 ta 1988 kan shara mai cutarwa. Ta ce duk wanda ya ɗauka, ko ya shigo da ita, ko ya jibge, ko ya saya ko ya sayar ba da izini ba, ɗaurin rai da rai ne, a ƙwace abin da aka yi dakon da shi da filin da aka zuba. In kamfani ne, manyan jami'ansa su amsa. Ko rigar kariyar jakadanci ba ta hana gurfanarwa. Ita ce dokar da muka ambata a farko. A watan Disamba kuma doka mai lamba 58 ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. Duniya ma ta motsa, aka yi yarjejeniyar Basel a 1989 don sa ido kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe, ƙasashen Afirka suka ga ta yi sassauci suka yi tasu a Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da irin wannan shara nahiyar kwata-kwata.

Abin lura a ganinmu shi ne, dokar fushi ce, kuma da baƙo aka yi fushin. Hoton da ke ran waɗanda suka rubuta ta shi ne jirgin ruwan Bature da durom mai yoyo. Dagwalon da ke fita kullum daga Sharaɗa, na kamfani mai rajista, mai biyan haraji, mai ma'aikata ɗaruruwa, wani al'amari ne dabam, kuma shi aka tanadar wa tsarin lasisi.

Ƙa'idojin da FEPA ta fitar a 1991 sun wajabta wa kowace masana'anta ta kafa na'urar tace dagwalonta, suka kuma ƙayyade iyakar abin da ruwan zai iya ɗauke da shi kafin a sake shi. A 1992 doka mai lamba 86 ta ce kada a fara babban aiki sai an auna illarsa ga muhalli. A 1999 aka narkar da FEPA cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli, aka yi shekaru takwas babu tsayayyar hukuma mai tilasta bin doka, sai a 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar da ta kafa NESREA. A 2009 ta fitar da jerin ƙa'idoji, ciki har da na masaƙu da majemu da masu takalma, da na tsafta da sarrafa shara, da na tsarin ba da lasisi shi kansa. Lasisin nan, in aka fassara shi da Hausar kasuwa, yarjejeniya ce: mun yarda ka yi sana'ar da ke haifar da guba, ko ka karɓi kuɗin mutane don ka kwashe musu ita, bisa sharaɗin za ka tace ta zuwa ma'auni kaza, ka zuba a wuri kaza, ka riƙa ajiye lissafi, ka kawo rahoton binciken muhalli duk shekara uku. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

To me ya sa abin da muka fi ji a rediyo shi ne an rufe masana'anta, an garƙame ƙofa da kwaɗo, bayan kwana biyu a buɗe, ba mu cika jin an yanke hukunci ba? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tace dagwalon jima aiki ne mai cin wuta, sai an raba ruwan salfaid da na kromiyam, a hura wa wannan iska na sa'o'i, a kwantar da wancan da sinadari, a matse lakar a kai ta inda ba za ta koma ruwa ba. A garin da masana'anta ke rayuwa da janareta da dizal, na'urar tacewa ita ce ta farko da ake kashewa in kuɗi ya matse, a kunna ta ranar da aka ji masu dubawa na tafe. Sakin ruwa kuma da dare ya fi sauƙi, ko a tsakiyar ruwan sama. A gaban alƙali, wari ba hujja ba ne. Sai an ɗebi ruwan a bakin bututun kamfanin, ba a rafin da masana'antu goma ke zuba wa ba, a rufe kwalbar da hatimi, a rubuta wanda ya ɗiba da lokacin, a kai ɗakin gwajin da doka ta yarda da shi, mai gwajin ya zo ya yi rantsuwa. Ko'ina aka samu ɓaraka, lauyan kamfani ya samu mafita. Ga kuma tara: dokar 2007 ta yanka wa kamfanin da ya saki abu mai guba abin da bai wuce naira miliyan 1 ba, da ƙarin naira 50,000 a kowace rana in ya ci gaba. A 2007 miliyan ɗin ta kai kimanin dala 8,000. An yi wa dokar gyara a 2018, aka taɓa batun tarar, amma faɗuwar naira ta fi gyaran doka sauri, don a canjin 2024 miliyan guda ba ta kai dala 700 ba. Mai lissafi zai ga biyan tara ya fi sayen dizal araha.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Majemun Kano suna ciyar da dubban gidaje, tun daga mai tara fata a kasuwar ƙauye har lebura a Challawa, a garin da masaƙu da yawa suka riga suka mutu. Babu gwamnan da ke son a ce a hannunsa sauran suka rufe. Mu ma ba ma so. Shi ya sa aka koma ga dabarar matatar haɗaka, wato kowace majema ta yi tacewar farko a gidanta, gwamnati ta gina babbar matata ga Challawa da Sharaɗa da Bompai daga asusun kula da muhalli na tarayya. Dabara ce mai ma'ana, ita garuruwan jima na Italiya da Indiya suka bi. Sai dai tana raba alhaki gida biyu, idan rafi ya yi baƙi kamfani ya nuna gwamnati, gwamnati ta nuna kamfani. Talakan da ke gefen rafin kuwa, sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ce hukuma za ta kare masa ruwa da iska da ƙasa, amma sashen yana cikin babi na biyu, wanda tsarin mulkin da kansa ya ce kotu ba ta tilasta shi.

Don a ga yadda irin wannan shari'a ke ƙarewa idan ta kai ga hukunci, sai mun leƙa Abijan, inda Hausawa 'yan uwanmu ke da yawa. A 2006 kamfanin cinikin mai na Trafigura ya yi hayar jirgin Probo Koala, ya wanke wani gurɓataccen fetur da soda a cikinsa, aka samu ragowar dagwalo mai tsananin wari. A Amsterdam wani kamfanin sarrafa shara ya fara karɓa a kan yuro 27 kowace mita kubik, da ya gwada ya ga abin da ke ciki sai ya ce yuro 1,000. Aka ce ya yi tsada, aka mayar da dagwalon cikin jirgi. Jirgin ya biyo har Legas, daga nan ya isa Abijan ranar 19 ga Agusta. A can aka samu wani kamfani mai suna Tommy, wanda bai fi 'yan makonni da samun lasisi ba, ba shi da matata ko ɗaya, ya karɓi aikin gaba ɗaya a kan abin da bai kai dala 17,000 ba. Cikin dare tankoki suka watsa fiye da mita kubik 500 a bolar Akouédo da wasu wurare kusan 18 a cikin birnin. Mutum fiye da 100,000 suka je asibiti, hukumomin ƙasar suka ƙirga mutuwar aƙalla 15, majalisar ministoci ta yi murabus.

Sai a duba rabon hukunci. An tsare manyan jami'an Trafigura na wata biyar a Abijan, a watan Fabrairun 2007 kamfanin ya biya gwamnatin Kwaddibuwa sefa biliyan 100, ba tare da amsa laifi ba, gwamnati ta janye ƙara, aka sake su. A watan Oktoban 2008 kotu ta ɗaure shugaban Tommy, Salomon Ugborugbo, wanda ɗan Nijeriya ne, shekara 20, wani wakilin jiragen ruwa kuma shekara 5. A 2009 Trafigura ta sasanta da mutum kusan 30,000 da suka kai ƙara Landan a kan fam miliyan 30, tana nan kan bakanta cewa dagwalon ba zai iya kisa ba. A 2010 wata kotun Holan ta ci tararta yuro miliyan 1 saboda fitar da sharar daga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Ba mu ce Ugborugbo bai cancanci ɗauri ba, wanda ya karɓi guba ya watsa a unguwannin mutane ya cancanta. Amma duk wanda ya ga farashin Amsterdam ya ga na Abijan ya san tun ranar da aka ƙulla cinikin babu wata tacewa da za a yi da wannan kuɗi. Shi ma jami'in da ya sa hannu a lasisin kamfanin da ba shi da matata, ya sani.

Mu dawo gida. Sharar gidajen Kano tana hannun hukumar REMASAB, wadda aka kafa a 2003. Sharar yanzu ba irin ta mangalar jaki ba ce, leda ce da robar ruwa da batir da kunzugun yara, wani lokaci har da allurai da audugar ɗakunan shan magani. Manoma har yanzu suna sayen takin bola, sai dai yanzu da ledarsa da gilashinsa yake zuwa gona. 'Yan bola jari na tsintar ƙarfe da roba da hannu ba safa, kuma in gaskiya za a faɗa, su ne ke yin mafi yawan aikin rarrabe shara a garin nan ba tare da lasisi ko albashi ba. A 2021 gwamnatin jiha ta miƙa kwasar shara ga wani kamfani mai zaman kansa da alƙawarin za a mayar da ita taki da makamashi. Shara ta taru a tituna, a 2022 aka soke yarjejeniyar, aikin ya koma hannun hukuma. Nan ma sokewa aka yi, kamar yadda ake rufe majema a buɗe.

Kotun da ke aiki ba fashi kan muhalli a Kano ita ce ta tafi-da-gidanka ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe an hana zirga-zirga, wanda aka kama a hanya, ɗan adaidaita ne ko mai shayi ko direban da ya kwana a tafe, a yanke masa tara nan take, kafin azahar an sanar da adadin mutanen da aka hukunta da kuɗin da aka tara. Shari'ar tana da sauri don hujjarta ba ta da wuya: ga mutum, ga titi, ga agogo. Jikan duba-gari ke nan.

Wata 'yar shawara ga masu neman abin rubutawa a cikinmu, tunda zauren namu ne. Mun cika littattafanmu da Alhaji mai kamfani, amma da wuya mu faɗi abin da kamfanin ke yi, balle inda ruwansa ke fita. Ga ɗan lambun bakin Getsi da ya san ruwan da yake ban-ruwa da shi ba shi da kyau, ya kuma san in ya daina babu tuwon dare. Ga matashin jami'in da aka tura ɗibar samfuri, manajan ya tare shi da ambulan tun a bakin ƙofa. Ga mai gadin da ake ba umarnin buɗe bawul ƙarfe biyun dare, alhali gidansa yana ƙasan rafin. Wanda zai rubuta su sai ya taka ya je, ya tambayi sunan kowane gangan jima da kowane rami, ya zauna a benci a kotu ya ji yadda ake karanta tuhuma. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, ba a biyan ko sisi, kuma daga Kasuwar Tarauni, inda latas ɗin ke sauka da sassafe, zuwa Titin Kotu bai wuce kuɗin adaidaita ɗaya ba.